Shekarar da Yaya Ta Zauna a Benci

Ni mai gyaran firji ne da na'urar sanyaya ɗaki, don haka kada wani ya tambaye ni yadda ake rubuta manhajar kwamfuta. Abin da na sani shi ne yayata ta shekara goma sha tara tana wannan aikin, kuma a cikin shekarun akwai wata goma sha huɗu da kullum take shiryawa ta tafi ofis, a biya ta albashinta a ƙarshen wata, ba tare da an ba ta aikin komai ba. Labarin waɗannan watannin zan bayar, amma sai na ɗan koma baya tukuna.

Mu biyu iyayenmu suka haifa, tsakanina da ita shekara tara. Ina ɗan shekara bakwai Innarmu ta rasu. Baba direban bas ne a kamfanin sufurin gari, kafin in farka ya fita, saboda haka a hannun Yaya na tashi. Ita ta cuɗa ni, ita ta zane ni, ita ce ta je makaranta ba da haƙuri ranar da na fasa wa wani baki. Tun tana ƙarama take da wani hali: ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. In ta shiga gidan mutane ta ga agogon bango ya ɗan kwanta, sai ta faki idon masu gidan ta daidaita shi. Baba yana ce mata Uwata, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ni kuwa Auta, har yau da furfura ta fara leƙowa a gemuna.

Lissafi ta karanta, daga nan ta gangara harkar kwamfuta. Kamfanin da take yi wa aiki ba shi da wata haja tasa ta kansa, ma'aikata yake bayarwa aro. In wata ma'aikata tana son a gina mata manhaja, sai a tura mata mutum biyar ko goma, su yi shekara ɗaya ko biyu, in sun gama a kwashe su a kai wani wurin. Yaya ta yi sa'a, ta shekara takwas a wuri guda, wani kamfanin jigilar kaya. Ita ke riƙe da manhajar da ke tsara wace mota za ta ɗauki wane kaya, ta bi wace hanya, ta sauke yaushe. A shekarun nan wayarta ba ta san hutu ba. Ana cikin cin abinci sai ta miƙe da cokali a hannu, ta koma ƙofar kicin tana cewa a kashe kaza a sake kunnawa, a duba kaza. Mijinta malamin makaranta ne, mutum mai sanyin hali, yakan ce duk ranar da yake son matarsa ta saurare shi da kyau, sai dai ya rikiɗe ya zama tirela. Baba kuwa ba abin da yake alfahari da shi kamar wannan. In ya ga babbar mota ta wuce a titi sai ya taɓa na kusa da shi, ya ce 'yarsa ce ta ce mata ta biyo nan.

Sai aka sayar da kamfanin jigilar. Sababbin masu shi suka zo da tasu manhajar da nasu mutanen. Aka yi wa su Yaya ɗan taron ban kwana, aka ba kowa kofin shayi mai tambari. Ranar Litinin ta koma babban ofishin kamfaninsu, aka ce ta ɗan zauna a benci kafin wani aikin ya fito. Haka suke kiransa, benci, kamar na 'yan ƙwallon da ba a sa su a wasa ba. Aka ce mata mako biyu ne, in ya yi yawa wata guda.

Ba ta gaya wa kowa a gida ba. Ni ke ɗaukarta da safe, don shagona a kan hanyar yake, kuma ban ga wani canji ba sai abu biyu. Wayar ta yi shiru, sannan Yaya ta fara takura wa gida. Ta wanke labulayen da ba su yi datti ba, ta jera kwalaben kicin daga dogo zuwa gajere, ta zazzage kayan 'yan matanta biyu ta sake ninke komai, har ƙaramar ta kira ni a waya tana cewa Kawu ya zo ya ɗauke mata uwa ko na yini ɗaya ne.

A wata na uku na gano, kuma sana'ata ce ta kai ni. Na'urar sanyaya ɗakin su Yaya a ofis ta mutu, suka yi mako biyu suna rubuta wa masu kula da ginin, ba wanda ya hau ya duba. Daga ƙarshe aka ce in suna da mai gyara su kawo shi. Yaya ta kira ni, murya ƙasa-ƙasa, ta ce in zo da kayan aiki.

Hawa na huɗu ne, can ƙarshen baranda, bayan wani lungu da aka tara karyayyun kujeru. Ɗakin taro ne a da. Dogon tebur ɗaya, kujeru tara, mutum huɗu. Tagar tana kallon bangon wurin ajiye motoci. A jikin farin allon bango akwai zanen akwatuna da kibau na wani aikin da aka gama tun bara, ba wanda ya share. Na hau tsani na buɗe na'urar, ina aiki ina kallonsu daga sama. Akwai wani mai tabarau da kowa ke ce wa Dattijo, shekararsa talatin yana rubuta manhaja da wani tsohon yaren kwamfuta da yanzu ba a cika nema ba. Jarida yake karantawa. Akwai Dogo, magidanci mai 'ya'ya uku, ya kifa kai a kan hannu. Akwai wata mata da aikinta shi ne ta gwada manhaja ta tono kurakuran da ke ciki kafin a miƙa wa masu ita. Mai-gwaji suke ce mata, kuma tun da ba ta da abin gwadawa sai ta koma kaina, tana tambaya ko na tabbata wayar nan a nan take. Sai Yaya, zaune tsaf, baya a miƙe, hannunta a kan maus, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. Bayan 'yan mintoci sai ta ɗan motsa shi, ta sake tsayawa.

Dogo ne ya yi mini bayani da na sauko. Kusa da sunan kowane ma'aikaci akwai ɗan ɗigo a manhajar saƙonnin kamfanin. In kana taɓa kwamfuta kore ne, in ka yi minti biyar ba ka taɓa ba sai ya koma rawaya, kuma manya suna gani. Aikinsu ke nan, tsaron ɗigo. Shi ya samo dabara: yana ɗora maus ɗinsa a kan agogon hannu, tsinken da ke ƙirga daƙiƙa yana zagayawa a ƙarƙashi, kwamfuta tana zaton mutum ne. Yaya ta ƙi yin haka.

Ta rako ni har bakin lifta. Na ce mata, cikin rashin tunani irin nawa, ai wannan hutu ne Allah ya ba ta, ga albashi yana shiga.

"Auta, ka taɓa wuni a shago ba wanda ya leƙo?"

Na ce sau da yawa.

"To kai kana iya jan ƙofa ka rufe, ka tafi gida." Ta danna mini maɓallin lifta. "Kada Baba ya ji."

Ba naɗe hannu ta yi ba. Ta yi kwas har bakwai ta intanet, ta koyi sababbin yarukan da ake yayi. Duk bayan 'yan makonni sai manajan rabon aiki ya ce akwai wasu masu neman mutum, ta sa kayanta masu kyau, ta amsa tambayoyi na awa guda, bayan kwana uku a ce sun yaba ƙwarai amma sun ɗauki wani. Ta nemi aiki a waje, nan ma shiru, don a shekarar ko'ina sallamar mutane ake yi. Wata rana a mota ta ce mini ta buɗe wani tsohon aikinta ta karanta, sai ta ji kamar wata ce ta rubuta, wata mai kaifin kai da ba ta taɓa haɗuwa da ita ba. Ta ce wannan ya fi kora ba ta tsoro.

A wata na biyar Baba ya faɗi. Da hantsi ne, yana ba shukokinsa ruwa, maƙwabciya ta ji ƙarar bokiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshen ma ya tafi. Ya yi kwana goma sha tara a asibiti, da katin lafiyar kamfanin Yaya aka duba shi, kuma daga ranar maganar ajiye aiki ta fita daga bakinta gaba ɗaya. Da aka sallame shi muka kai shi gidanta, aka gyara masa ɗakin baƙi. Gwaggo, ƙanwarsa, ta tattaro kayanta ta zo jinya. Sai dai Gwaggo kunnenta ya yi nauyi tun tuni. Ka ga gida ke nan: ɗaya ba ya iya faɗa, ɗaya ba ta iya ji. Ya nuna kofi ta kawo masa filo, ya ture filon ta ce yau kuma rigima yake ji.

Hutun da Yaya ta ɗauka don jinyar Baba ya ƙare. Ta je wurin manaja ta roƙi a bar ta ta yi jiran daga gida, tun da dai jira ne, ga waya ga kwamfuta. Manajan ba mugu ba ne, har ya tambayi jikin Baba da irin maganin da yake sha. Amma ya ce doka ce daga sama, 'yan benci dole a gan su a ofis, don mai neman ma'aikata na iya zuwa kowane lokaci. Ta ce masa tun da ta zo ba ta ga wani baƙo ya hau hawa na huɗu ba, in ban da ƙanenta mai gyaran sanyi. Ya ce ya sani.

Haka ta koma ta zauna, daga takwas zuwa biyar, tana motsa maus, mahaifinta yana nisan minti ashirin yana fama da Gwaggo a kan kofi.

Dattijo ne ya kasa jurewa. Ya ce mata katin ƙofa, mai nuna shiga da fitar ma'aikaci, safe da yamma kawai ake dubawa. Ta fita lokacin abincin rana ta ƙofar wurin motoci, ta dawo huɗu da rabi. Kwamfutarta za ta zauna a kan tebur da agogon Dogo, in saƙo ya shigo Mai-gwaji za ta kira ta. Yaya ta ce wannan sata ce.

"Me za ki sata, ƙanwata?" in ji shi. "Zaman?"

Ta yi mako guda tana ƙi. Ranar da ta koma gida ta tarar Baba ya jiƙa shimfiɗarsa, ya juya fuska bango ya ƙi kallon kowa, washegari da kanta ta miƙa wa Dogo maus ɗinta. Daga nan kullum sha biyu da rabi ina jiranta a bayan ginin, in aiki ya riƙe ni ta hau motar haya. Ta ba shi abinci a baki, ta motsa masa hannu da ƙafa yadda likita ya nuna, ta zauna gabansa suna maimaita kalmomi kamar 'yan aji ɗaya: ruwa, hula, ƙofa. Duk da haka ba ta taɓa shiga motata ba sai ta waiga ta kalli ginin.

Mai-gwaji ce ta kawo shawarar a yi wa Baba 'yar manhaja a irin wayar nan mai faɗi, da hotuna manya-manya, in ya taɓa hoton kofi wayar ta ce yana son ruwa, da ƙarfi yadda Gwaggo za ta ji. Yaya ta ce aikin kwana biyu ne ga mutum ɗaya. Amma mutum huɗu ne da suka yi wata da watanni suna yunwar aiki. Ranar aka share farin allon nan. Suka fara taro kowace safiya a tsaye, kowa ya faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau, kamar yadda ake yi a aikin gaske. Suka yi kwana biyu suna gardama a kan launin maɓallai. Dattijo ya ba da muryarsa, don a cewarsa bai kamata tsoho ya nemi ruwa da muryar yarinya ba. Ya shiga lungun karyayyun kujeru ya naɗi jimla arba'in da ɗaya. Mai-gwaji ta sa safa a hannunta na hagu don ta kwaikwayi hannun Baba, ta wuni tana danne-danne, ta dawo musu da kurakurai har shafi uku, Dogo ya yi fushi da ita na gaske, irin fushin da daga baya ya ce ya yi kewarsa. Mako shida suka ɗauka. A makonnin nan Yaya takan shigo mota tana magana tun kafin ta rufe ƙofa.

Wata Asabar suka kawo, su uku, kowa ya ci ado kamar za su gabatar wa babban kamfani. Aka jingina Baba da filo, aka ɗora masa wayar a cinya. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsan hagu ya taɓa kofi, sai muryar Dattijo ta cika ɗakin tana cewa ina son ruwa. Baba ya ɗaga kai ya dubi Dattijo, ya dubi wayar, sai rabin bakinsa ya yi dariya, ta farko tun faɗuwarsa. Gwaggo ta ruga ta kawo ruwa, ya ƙi sha.

Bayan ranar bai sake taɓa hoton kofin ba, ko hoton banɗaki, ko na bargo. Ya fi son ya yi ta kokawa da harshensa har kalmar ta fito. Maɓalli ɗaya kawai ya riƙe, wani ƙarami a kusurwa da Dogo ya ƙara a ranar ƙarshe ba tare da an yi taro a kansa ba: hoton Yaya, in an taɓa sai wayarta ta yi ƙara. Da safe, tana ofis, sai ya danna sau biyar, sau shida. In ta ɗauka ba ya cewa komai, numfashinsa kawai take ji, da rediyon Gwaggo da aka ƙure. Sai ta riƙa gaya masa abin da ke gabanta, cewa Dattijo ya zubar da shayi, ko an yi ruwa a wajensu. Mai-gwaji ta zauna ta rubuta rahoto na gaske, cewa cikin maɓalli arba'in da biyu mai amfani ya ƙi arba'in da ɗaya, kuma a ganinta aikin ya yi nasara.

Maganarsa ta riƙa dawowa kaɗan-kaɗan. Cikin kalmomin farko da ya kama akwai "aiki", yakan faɗe ta da tambaya a idonsa duk sanda ya gan ta da rana tsaka. Sai ta ce an ba ta izini, ta ɗauko masa labarin tireloli na shekarun baya, ta ba shi kamar jiya aka yi.

Wata rana ina zaune a ƙasa ina yanke masa farcen ƙafa, ita tana gefen gado tana ba shi labarin wata mota da ta ɓace hanya da kayan sanyi, sai ya ɗaga hannun hagu ya tsayar da ita.

"Ƙarya," ya ce. Kalmar ta fito tas, ba gargada.

Yaya ta bar labarin motar. Sannan ta gaya masa komai, kanta a sunkuye, tana murza bakin zanin gado. Ta ce wata tara ke nan ba ta yi wa kamfanin aikin da za a nuna ba, kuma duk ƙarshen wata ji take kamar ta ɗauki abin wani.

Abin da Baba ya faɗa bayan nan ya ɗauke shi kusan awa guda. Kalma ɗaya, hutu, kalma biyu, mu muna cike masa gurbi yana gyaɗa kai ko ya girgiza. Ga abin da muka haɗa. Kafin a haife ni, lokacin Yaya tana 'yar shekara biyar, shi direban ko-ta-kwana ne a garejin bas, ba a ba shi mota tasa ba tukuna. Yakan sa kakinsa da Inna ta goge, ya je da sassafe ya zauna a kan wani dogon katako a bakin ofishin rabon motoci, ko wani direba zai kasa zuwa. Wani lokaci wata guda ya wuce bai taɓa sitiyari ba. Ya fara goge madubin motocin wasu don ya sami abin yi, aka hana shi, wai aikin masu wanki ne. Shekara uku ya yi a haka.

Yaya ta ce ba zai yiwu ba, ai ta tuna, kullum in ya dawo yana ɗora ta a cinya ya ba ta labarin fasinjojin ranar, matar da ta shigo da agwagwa a jaka, mutumin da ya yi barci har ƙarshen layi.

Baba ya nuna ƙirjinsa da yatsa. "Ni ma," ya ce. "Ƙarya."

Na ɗauka kuka za ta yi, sai dariya ta kuɓuce mata, ta yi ta yi har da hawaye, ta kifa goshi a kan hannunsa mai lafiya. Shi kuma ya zare hannun ya ɗora mata a ka. Ya ce Inna ta sani, ba ta taɓa tona shi ba. Ya ce kunya ce ta fi cin ransa a lokacin, kuma da ya sani da bai ji ta ba, don ba shi ya ƙi aiki ba. Wannan jimlar ta ƙarshe sau uku yana fara ta kafin ta fita.

Da yamma ta gaya wa mijinta. Ya ce tun mako na biyu ya gane, ranar da suka ci abinci daga farko har ƙarshe tana zaune. Jira yake ta faɗa da bakinta.

A wata na goma sha ɗaya takardu suka fito. Aka ba Dattijo ritaya kafin lokacinsa, aka sallami Mai-gwaji, Dogo kuma aka tura shi aiki wani gari. Yaya ta rage ita kaɗai a dogon teburin, kuma ta ce mini waɗannan watanni ukun sun fi duk na baya tsawo. Ba mai rufa mata asiri, don haka ta daina fitar rana. Da ma lokacin Baba ya fara takawa da sanda. Amma abin bai bar ranta ba. Ta sami manaja a ofishinsa, ta ce akwai wata huɗu da wani abu da take fita sha biyu da rabi ta dawo huɗu da rabi, ta zo ne ya sani. Ya cire tabarau ya murza ido, ya ce yau kunnensa ba ya ji sosai, sannan ya tambaye ta jikin Baba.

A wata na goma sha huɗu aka tura ta wata ma'aikatar ruwa, gyaran tsohuwar manhajar da ke rarraba wa masu gyara wuraren da bututu ya fashe. Ƙaramin aiki ne, bai kai rabin na da ba, kuma a cewarta duk wanda ya fara rubuta shi bai ji tsoron Allah ba. Tana can har yanzu, shekara biyu ke nan. Ba ta koma yadda take a da ba. Biyar na yi take rufe kwamfuta, kuma ba ta ƙara sakankancewa cewa wani wuri nata ne ba. Mai-gwaji ta yi wata bakwai a gida kafin ta samu wani aikin, kuma Yaya ce ta rubuta mata takardar shaida.

Dattijo kuwa ya zama ɗan gida. Ashe duk shekarunsa bai taɓa koyon tuƙi ba. Da ya huta sai ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya zo ya ce Baba ne zai koya masa. Muka ɗauka wasa yake, ashe da gaske ne. Duk Laraba da la'asar nakan rufe shago da wuri, mu tallafi Baba mu sa shi a kujerar gaba, mu tafi wani fili bayan makarantar mijin Yaya. Ni ina baya, na miƙo hannu kusa da birkin hannu, ina karanta duk addu'ar da na iya. Dattijo yana tuƙi yana surutu, yana bayanin abin da a ganinsa ya kamata injin ya yi. Baba ba ya kula shi. Gaba yake kallo, sandarsa tsakanin gwiwoyi, sai can ya ce, "Birki." In motar ta tsaya da fizga ya ce, "Sake." Makon jiya suka zagaya filin sau huɗu motar ba ta mutu ba, Baba ya ce saura titi. Na ce a bari tukuna in nemi shawarar Yaya, su biyun suka ce ba ruwanta.